Gyaran halin direba daga ubangidansa yake farawa

Duk lokacin da tirela ta afka cikin kasuwa ko tanka ta kife, maganar da ake ji daga bakin mahukunta ɗaya ce: a horar da direbobi, a gyara musu hali. Sai a ware kuɗi, a kama ɗakin taro a Abuja ko Damaturu, a yi bitar kwana biyu da Turanci, a raba takardar shaida da alawus, kowa ya watse. Niyyar tana da kyau, amma ba a nan hali yake ginuwa ba.

Wanda yake son ganin inda ake ƙera direba ya je Potiskum. Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kasuwar shanunsa na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma ya yi suna wajen mallakar manyan motoci. A unguwa irin Yindiski, yaro yakan fara da wankin mota da sa waigi, ya zama yaron mota, ya yi shekaru yana bin ubangidansa kafin a ba shi sitiyari. A cikin shekarun nan ne yake koyon yadda ake wuce mota a kan kwana, da abin da ake sha don korar barci, da yadda ake sallamar jami'i a shingen bincike. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bitar kwana biyu ba za ta kankare karatun shekara bakwai ba.

Akwai kuma ubangida na biyu, wato mai motar. Direban da ya ɗauko shanu daga Potiskum zuwa Legas yana da tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a gabansa. Dabba tana galabaita idan ta daɗe a mota, fatake suna ƙirga asara, kuma samun direban ya rataya ne a kan yawan sawun da ya yi. Duk wanda aka biya a kan sawu, an saya masa gudu ke nan. Idan ya ɗora fasinja a saman shanu, sau da yawa cike giɓin kuɗin hanya yake yi. Wa'azin haƙuri ba ya tasiri a kan mutumin da haƙurin zai ci masa abincin gida.

Ba a rasa dokoki ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988. Tana da shirin tantance makarantun koyon tuƙi, tana da tsarin sa ido kan masu motocin haya biyar ko fiye, kuma a watan Fabrairun 2017 ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Cibiyar Fasahar Sufuri da ke Zariya tana nan tun 1986. Abin da ya rage shi ne a kai waɗannan tsare-tsare bakin gareji.

A Tarayyar Turai, direban babbar mota yana yin horon sa'o'i 35 a kowace shekara biyar, kuma dole ya huta minti 45 bayan tuƙin sa'a huɗu da rabi. Abin lura shi ne, idan aka karya ƙa'idar hutun, hukunci yana iya hawa kan kamfanin da ya tsara tafiyar. Horo yana aiki a can domin an ɗaure mai motar da igiyar da aka ɗaure direbansa.

Don haka abubuwa uku ne suka kamata. A mayar da horon tashoshi da garejin Potiskum, cikin Hausa, tare da ƙungiyoyin NURTW da NARTO, a fara da tsofaffin direbobin da ke da yara a ƙarƙashinsu. A ba yaron mota matsayin ɗan koyo mai rajista, yadda shekarunsa za su kai shi ga lasisi na gaskiya. Sannan a sa mai mota ya amsa tambaya a kan albashi da lokacin hutun direbansa kafin a sabunta masa takardu.

Ubangida na uku kuwa yana Abuja, a kujerar baya. Shi ne jami'in da ke fitowa a makare ya ce wa direba ya taka, ko hadimin da ke shirya ayarin mai gida da jiniya. A watan Nuwamban 2013, mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin ce ta yi karo da motar da ke ɗauke da Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU, a kusa da Lokoja, ya rasa ransa yana kan hanyar zuwa taro a Kano. Direban gwamnati ma yaron wani ne, kuma umarni yake bi. Duk ma'aikacin da zai rubuta takardar neman kuɗin horar da direbobin Yobe, ya dace ya sa sunansa da na mai gidansa a sahun farko na masu halarta.