Wasan Da Ke Koya Wa Yaro Lissafi

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata magana da nake so mu duba tare. An sha gaya mana a sa wasa cikin darasin lissafi na ƙananan yara, mu kuwa muka karɓa ba mu tambayi wane irin wasa ba. Sai ka ga malami ya jera yara su yi tsere zuwa allo, wanda ya riga isa shi ke rubuta amsa. To, a nan mai sauri ya ci, ba mai lissafi ba. Haka wasu wasannin wayar hannu suke, yaro ya yi ta danne-danne har ya dace. Ni a ganina, wasan lissafi na gaskiya shi ne wanda ba a cinsa sai an ƙirga.

Ba kuwa sai mun je nesa nemansa ba. Dubi 'yan mata suna carafke a ƙofar gida. A ba su tsakuwa 12, a ce su kwashe bibbiyu: jifa 6 ke nan. In uku-uku ne, jifa 4. Sa'an nan a ce biyar-biyar, su da kansu za su ga 2 sun yi saura. Ashe sun shiga rabawa tun ba su ji sunanta ba. Waɗanda suka ɗan tasa kuma ga dara, mai gurbi 30, layi 5 na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12. Yaron da ya haƙa gurabun nan da hannunsa, da wuya ya manta biyar sau shida.

Amma wanda na fi so shi ne hatimi, domin gadonmu ne mu Katsinawa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake jera lambobi cikin gidaje, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, masana lissafi na ƙasashen waje kuwa suna ambatonsa. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya taɓa ganin irin wannan zane. Abin da malamai ke yi da shi wannan nasu ne, mu lissafin kaɗai muke bukata. A zana gida 9 a ƙasa, uku-uku, a ba yara tsakuwa 45. Su zuba daga 1 zuwa 9, kada gida biyu su zo daidai, kuma kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya tashi 15. Kada malami ya yi gaggawar faɗa musu 5 ce ke zama a tsakiya. Ya bar su su yi gardama, su kwashe su sāke zubawa. Kafin su gano, sun yi tarawa fiye da abin da za su yi a allo cikin mako guda, ba wanda ya ɗaga musu bulala. In ya yi wa 'yan aji ɗaya nauyi, a fara da layi guda mai gida uku.

Na san wani uba zai ce, "Karatu na kai shi ko wasan ƙasa?" Lalle yana da hakkin tambaya, gama shi ya rasa mai taya shi aiki don yaron ya zo makaranta. Amsarmu kada ta zama Froebel na Jamus ya yi haka a 1840, ko Montessori ta yi a Roma a 1907, ko da yake gaskiya ne. Wannan ba zai gamsar da shi ba. A kira ɗansa a gabansa, a ba shi goro 12 ya raba wa mutum huɗu, uban ya ƙirga da idonsa.