Tuta a Cikin Kofi: Wa Ya Noma Koren, Wa Ya Tatso Farin?



Ɗaya ga Oktoba ta ƙarato, kuma a wajenmu mutanen Zamfara biki biyu ne suka haɗu a rana guda. A ranar ce Nijeriya ta samu 'yancin kai a 1960. A ranar ce kuma, a 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke mu daga Jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. A 'yan shekarun nan wani yayi ya shigo cikin shagalin ranar, wato lemo mai hawa uku: kore a ƙasa, fari a tsakiya, kore a sama. A zuba shi a kofin gilashi, a ɗauke shi hoto, a watsa a waya kafin a kai baki.

Bara mun halarci wata walima a Gusau inda aka jera irin waɗannan kofuna a kan tire. Sun yi kyau, babu musu. Yara suka yi ta rububi, kafin la'asar kowanne harshensa ya koma kore shar. Muka matsa kusa da baiwar Allah da ta haɗa, muka ce, "Hajiya, sannu da aiki, me da me kika zuba?" Ta lissafa mana ba ɓoye-ɓoye: lemon kwalba, kalar girki ta 'yar kwalba, madarar gari, sai sukari. Muka sake bin lissafin a zuci, muka ga a duk kofin nan babu abin da ya fito daga ƙasar Zamfara sai ruwan da aka yi ƙanƙara da shi.

Tun ranar abin yake ci mana rai, shi ya sa muka kawo shi nan. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: a yi lemon tuta, amma a yi shi da abin da gonarmu da rugarmu suka bayar.

Dalilin yana jikin tutar kanta. Michael Taiwo Akinkunmi, ɗan Nijeriya da ke karatu a Landan, shi ne ya zana ta a 1959 a wata gasa da aka sa. Zanensa na asali har da jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta, aka bar launi biyu. Kore yana nufin noma da albarkar ƙasa, fari yana nufin zaman lafiya. Jiharmu kuwa takenta ma a kan noma yake, yana nan rubuce a lambar kowace mota. To mutumin da ke tinƙaho da noma, ya tashi nuna koren noma, sai ya ɗiga shi daga kwalbar sinadari? Ya tashi nuna fari, a ƙasar da aka san ta da shanu, sai ya dama garin madarar da akasarinta daga ƙetare ake shigo da ita? Kuɗin da aka kashe don murnar ƙasa sun bi ta kan manomin Bunguɗu da mai tallar nonon Tsafe sun wuce, ko kwabo bai faɗo musu ba.

Mun san akwai masu cewa abin gaba ɗaya kwaikwayo ne, a bar shi kawai. Gaskiya ne daga waje aka gano shi. Amurkawa suna yin nasu ja da fari da shuɗi ranar 4 ga Yuli, bikin 'yancinsu na 1776, daga can hotunan suka biyo Instagram da TikTok suka iso mana. Sai dai Bahaushe bai taɓa jin kunyar aron abu mai amfani ba. Shayi da burodi baƙi ne, yau wa zai raba mu da teburin mai shayi? Abin dubawa shi ne yadda aka riƙe aron. In ka karɓi dabara ka zuba mata kayanka, ta zama taka. In ka karɓe ta har da kayanta, kai ne ka zama nata.

Akwai kuma masu maganar da ta fi wannan nauyi. Suna cewa, wace murna ce ta rage a Zamfara? Ba za mu raina wannan tambaya ba. Sama da shekara goma ke nan muna cikin bala'in 'yan bindiga. Wanda zai bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya wuce Funtuwa ya san irin addu'ar da yake yi kafin ya shiga mota. Akwai ƙauyukan da sai an biya haraji kafin a shiga gona, a sake biya kafin a kwashe amfani. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako-mako, ɗan uwa bai san halin da ɗan uwansa yake ciki ba. Duk wanda ya ce ba ya da zuciyar biki, yana da hujja.

Amma yaran da aka haifa cikin wannan hali ba su san wata Zamfara ba sai wannan. In muka hana su ko da kofin lemo a ranar jiharsu, me za su tuna da shi in sun girma? Mu a ganinmu a tara su, a ba su, a kuma gaya musu inda kowane launi ya fito. Wannan ya fi zaman makoki amfani, ya kuma fi hoton da babu komai a bayansa.

Yanzu ga yadda ake yi, don kada a ce mun faɗi gyara ba mu nuna hanya ba.

Asirin hawa-hawan nan nauyi ne, ba wani siddabaru. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Madara ta ɗara ruwa nauyi da ɗan kaɗan. Ruwan da aka narka sukari mai yawa a ciki ya fi su duka, zuma kuwa lita guda tana kai wa kusan kilo 1.4. Saboda haka mai zaƙi shi ke zama a ƙasa, marar zaƙi ya hau sama. Wahalar tutarmu ita ce kore biyu ne, dole a raba su gida biyu, ɗaya ya yi nauyi ɗaya ya yi sauƙi.

A samu gurji ko kokwamba, a wanke, a bar ɓawon domin a nan koren yake. A haɗa da ganyen na'a-na'a da ɗan ganyen zogale ɗanye, a markaɗa, a tace da kyalle mai tsabta. Zogalen kada ya yi yawa, yana da ɗan bauri. Kada kuma a dafa, domin wuta tana kashe koren ya koma ruwan ƙasa. A raba ruwan biyu. Kashi na farko a narka masa sukari ko farar zuma har ya yi ɗan kauri, shi ne na ƙasa. Kashi na biyu a bar shi yadda yake, ko tsinken sukari kada a sa, shi ne na sama. Mazarƙwaila da dabino namu ne, sun kuma fi daɗi, sai dai suna dusar da launi, a ajiye su don kunu.

Na tsakiya kindirmo ne, a burge shi ya yi laushi, a sa masa sukari kaɗan, wanda bai kai na ƙasa ba. Wanda nono ba ya karɓarsa ya yi da kunun aya mai kauri, ita ma aya amfanin gonar Arewa ce. A tuna dai kunun aya ba ya jure zafi, in babu sanyi cikin 'yan sa'o'i zai yi tsami, kuma farkon Oktoba lokaci ne na zufa, ga wutar lantarki sai a hankali. A haɗa shi a ranar, a sha a ranar. Lemun tsami kuma a nisanta shi da madara, yana tsinka ta.

Wajen zubawa, komai ya yi sanyi tukuna. A cika kofi da ƙanƙara ta ruwa mai tsabta, a zuba mai nauyin har sulusin kofi. Sai a kifa cokali a jingina bakinsa da jikin kofin, a riƙa tsiyaya farin a bayan cokalin a hankali. Haka za a yi wa koren sama. Mai gaggawa zai tashi da ruwan ganye guda ɗaya, sannu ba ta hana zuwa. Wani zai ce ai ratsin tuta a tsaye yake, na kofi a kwance. Haka ne, ruwa ba ya tsayuwa, kowa kuma ya gane abin da ake nufi.

Farin nan na tsakiya shi muka fi so a tsaya a kansa. Tun kafin a san kofin gilashi muna da abin shan da ya haɗa gida biyu, wato fura da nono. Gero na manomi, nono na makiyayi, a dama a ƙwarya guda. Wannan cinikin na kullum tsakanin matar gida da 'yar Fulani shi ne zumuncin da rikicin nan ya fi yi wa illa. An kashe manoma an kore su daga gonakinsu. An kuma sace wa makiyayan da ba su ji ba ba su gani ba shanunsu, wasunsu an far musu a hanyar kasuwa don kawai yarensu. Sarkin Bunguɗu sarautarsa Sarkin Fulani ce, wannan kaɗai ya isa ya tuna mana cewa ba jiya aka fara zama tare ba. In aka ce fari zaman lafiya ne, to mafi ƙarancin abin da za mu iya shi ne mu sayi farin a hannun mai ƙwarya, mu ce mata, "Inna, ina gajiya, yaya mutanen ruga?" mu biya ta ba tare da tayin wulaƙanci ba. Ba mu ce wannan zai kwance wa kowa bindiga ba. Mun ce ciniki ne da ya kamata a hana shi mutuwa. A tambaye ta ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita, in ana shakka a sayi ɗanya a tafasa a gida.

Saura maganar sukari, tunda shi ne ginshiƙin hawan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu. Kofi guda na irin wanda muka gani bara zai iya cinye kaso mai yawa daga ciki. A yi amfani da ƙananan kofuna, hawan ƙasa ya zama siriri, a kuma ware wa dattawa masu ciwon sukari nasu na gurji da kindirmo zalla. Kafin a sha a juya da cokali, in ba haka ba kurɓin farko salam, na ƙarshe kamar alewa.

Ga masu wannan sana'a, musamman ƙannenmu mata da ke neman na kansu da ita, ba mu zo rage muku ciniki ba. Mun san kala ta fi arha, ta fi saurin aiki, korenta kuma ya fi ɗaukar ido a hoto. Na gurji ba zai yi wannan ƙyallin ba. Amma za ku iya faɗa wa mai saye sunan duk abin da ke cikin kofinsa da inda aka samo shi, uwa kuma ta miƙa wa ɗanta hankalinta kwance. Ku gwada ko da tire guda a bana, ku ga wanne za a dawo nema.

Mu dai mun yanke shawara. Jajiberin ranar za mu shiga kasuwa mu sayi gurji da na'a-na'a a hannun mai lambu, mu tsinko zogale a bayan gida, da safe mu tare mai nono. In yara suka tambayi dalilin da koren bana bai kai na bara haske ba, za mu ce musu na bana a gona aka samo shi.

Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mayar da manomi gonarsa, makiyayi rugarsa. Amin.