Tsakanin Zargi Da Hukunci: Darasin Da Ɗalibai Ke Barowa A Ɗakin Jarrabawa

Sanin kowa ne cewa duk shekara idan watan Mayu ya kama, a daidai lokacin da manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam ke haramar kwashe abin da ya rage a gona kafin damina ta sauka, su kuma ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare tasu kakar ce ta zo, wato jarrabawar WAEC, sannan ta NECO ta biyo baya. A cikin darussan nan kaf, babu wanda ke kaɗa hantar ɗalibi kamar Turanci, domin kowa ya san wanda bai samu kiredit a cikinsa ba, ƙofar jami'a ba za ta buɗe masa ba ko da ya cinye sauran. Shi ya sa ranar da aka fito daga wannan jarrabawa ba a saurin watsewa. Za ka ga samari ƙungiya-ƙungiya a gindin darbejiya ko a teburin mai shayi, tambayar kuwa ɗaya ce: "Kai wacce ka ɗauka a insha'i?"

Ga wanda bai sani ba, a ɓangaren insha'i akan jero wa ɗalibi tambayoyi ya zaɓi guda ɗaya, ya rubuta abin da bai gaza kalmomi 450 ba. Akwai wasiƙa, akwai maƙala irin ta jarida, akwai jawabi ko muhawara, sannan galibi akwai wadda ke neman a ƙago labari da zai gaskata wani karin magana. Samari da yawa wannan ta ƙarshe suke rugawa, don suna ganin ta fi sauƙi. In kuwa suka tashi ƙago labarin, sai ka tarar ya karkata wajen sata, fashi, kisan kai da 'yan sanda.

To, ɗan uwa mai karatu, ka ɗan tsaya kusa da su ka kasa kunne. Wannan zai ce shi labarin 'yan fashin banki ya rubuta, sun zo cikin baƙar mota, sun rufe fuska, sun kwashe daloli. Wancan zai ce shi attajiri aka harbe a bene hawa na ashirin, alhali shi mai labarin bai taɓa hawa benen da ya wuce hawa biyu ba. Idan aka tambaye su yadda labarin ya ƙare, amsar ba ta wuce biyu ba: ko dai 'yan sanda sun faɗo daga sama sun harbe kowa, ko kuma an yi ihun ɓarawo, jama'a sun yi masa rubdugu har ya sheƙa barzahu. Daga nan sai a liƙa karin maganar a ƙasa, a ajiye biro, a fito ana murmushi.

Akwai kurakurai biyu a cikin irin wannan rubutu. Na farko maki yake janyo wa ɗalibi asara. Na biyu kuwa ya fi ƙarfin maki, don yana iya kaiwa ga asarar rai.

Kuskure na farko shi ne aro. Kayan aro kuwa, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Iyaye da yayyen waɗannan ɗalibai da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 sun sha karatun littattafan James Hadley Chase, ana karɓa hannu da hannu har bangon ya yage. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, wannan marubuci mutumin Ingila ne, kuma lokacin da ya fitar da littafinsa na farko a 1939, wanda ya gina a kan 'yan daban Amurka, taswira da ƙamus na karin harshen Amurkawa ya dogara da su. Ke nan wanda ya kwaikwaye shi, aron aro ya yi. Yaran yanzu kuma ba ma littafin suke karantawa ba, daga fina-finan Amurka da na Indiya masu fassarar Hausa suke kwasowa.

Illar wannan a takardar jarrabawa a fili take. Maki 50 ake ware wa insha'i: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na kiyaye ƙa'idojin rubutu. Ka ga kaso mafi tsoka yana wajen sarrafa harshe. To ta yaya yaro zai sarrafa harshen da ba nasa ba a kan duniyar da bai taɓa gani ba? Nauyi biyu ya ɗora wa kansa. Bai san yadda cikin bankin yake ba balle ya siffanta shi, don haka sai ya koma maimaita 'yan kalmomin da ya tsinta a fim. Da a ce gonar shinkafa ya siffanta, ko hayaniyar kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da asuba, da nauyi ɗaya kawai ya rage masa, wato neman kalmar Turanci ga abin da idonsa ya riga ya sani.

Kada wani ya ce ai irin wannan labari sai a ƙasar Turawa yake kyau. Marubutan ƙasar nan sun daɗe da ƙaryata haka. A ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo, labarin saurayin da ya baro ƙauye ya shigo birni ya faɗa hannun ɓata-gari. A 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tone asirin 'yan fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi. A ɓangaren Turanci kuma, Mohammed Sule, ɗan Kano, yana matashi kamfanin Macmillan ya buga masa The Undesirable Element a 1977 cikin jerin littattafan Pacesetters. Duk waɗannan a ƙasar da suka taka suka shuka labarinsu, shi ya sa ya yi saiwa.

Shi kuwa ɗan yankin nan, wa ya kai shi abin rubutawa? Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, arziki ya shigo, kuma duk inda arziki ya shiga, masu son banza na biye da shi. Wane ɗan manomi ne bai taɓa jin an toshe ruwa cikin dare an karkatar da shi gonar wani ba, na ƙarshen layi ya wayi gari shukarsa na ƙuna? Wa bai san buhun takin da aka yi wa algus ba, ko kwandon tumatir da aka jera masu kyau a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa? Ga satar injin ban-ruwa, ga rikicin iyakar gona tsakanin magada. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa labari mai kalmomi 450 har a yi ragi.

Kuskure na biyu, wanda shi ne maƙasudin wannan rubutu, shi ne labarin da ke tsallakawa daga zargi ya dira kan hukunci ba tare da ya bi ta kan hujja ba. Masana adabi sukan ɗauki wani gajeren labari da Ba'amurke Edgar Allan Poe ya fitar a 1841 a matsayin mafarin labaran binciken laifi na zamani, sannan a 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da shahararren mai bincikensa Sherlock Holmes. Abin da ya riƙe irin waɗannan labarai har yau shi ne tambayoyin da ke cikinsu: wa ya aikata? Da me aka gane? Wa ya gani? Sau da yawa wanda kowa ya nuna wa yatsa a farkon labari, a ƙarshe sai a tarar ba shi ba ne. Marubucin yana horar da mai karatu ne ya riƙa tuhumar zatonsa na farko.

Wanda ya zauna a aji na Islamiyya bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. A cikin ƙissar Annabi Yusuf (AS) an kawo riga da jini, amma jinin na ƙarya ne. An yi ƙazafi a gidan Azizu, sai wani mai shaida ya ce a duba ta inda riga ta yage, gaba ko baya. An kuma samu ma'aunin sarki a cikin kayan ƙaninsa, alhali bai saci komai ba. Wato ganin jini ba ya tabbatar da kisa, samun abu a jakar mutum kuma ba ya tabbatar da sata. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure sun ɗora nauyin kawo shaida a kan mai da'awa, haka nan sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Idan akwai mutanen da suka ɗanɗani ɗacin hukunci ba hujja, to mutanen Bunkure ne. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da Ƙaramar Sallah, wasu mafarauta suka taso daga Jihar Ribas cikin babbar mota za su dawo gida Kano. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar, aka ga bindigogin farauta, nan take aka yanke cewa masu garkuwa da mutane ne. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a tsaya jin ta bakinsu ba. Mutum 16 aka hallaka, da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! An samu abu a cikin kaya, an yi ihu, taro ya zama ɗan sanda, ya zama alƙali, ya zama hauni. Watanni biyu kacal bayan wannan ɗalibai suka zauna jarrabawar Turanci ta shekarar.

To amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Wannan ɗabi'a ba a Uromi kaɗai take ba. A kasuwannin Arewa ma, da zarar an kwarma ihun ɓarawo, sau nawa ake tsayawa a tambayi me ya sata, wa ya gan shi? Wanda ya zo daga baya ma dutse yake nema kafin ya nemi bayani. Saurayin da ya zubar da hawaye saboda mafarautan Torankawa, sannan ya shiga ɗakin jarrabawa ya rufe labarinsa da taron jama'a sun kashe wanda ake zargi, ya kuma kira wannan kyakkyawan ƙarshe, lalle akwai abin da bai gama fahimta ba.

Ga misalin yadda ɗalibi zai iya gyara duka kurakuran biyu a lokaci guda. A ce an wayi gari babu injin ban-ruwan wani manomi. Nan da nan ido ya koma kan wani ɗan ci-rani da ya zo aikin dashen shinkafa kwana uku da suka wuce, don baƙo ne, ba shi da kowa, an kuma gan shi ya bi ta wajen da magariba. Matasa sun ɗauko sanduna. Sai wani dattijo ya ce a je gonar tukuna. Da aka je sai aka ga tiyo biyu ne a wurin, an ɗauke mai kyau an bar mai faci, kuma a cikin duhun dare aka yi wannan zaɓi. Wa ya san wanne ne mai faci ba tare da fitila ba? Sai wanda ya saba aiki da injin. Daga wannan tambaya ɗaya labari ya juya, baƙo ya kuɓuta, bincike ya koma cikin gida. Babu bindiga, babu baƙar mota, amma mai duba takarda ba zai ajiye ba sai ya kai ƙarshe, kuma duk kalmar da ke ciki yaron ya san abin da take nufi.

Wani zai ce ai wannan duk tsawaita zance ne, insha'in jarrabawa ne kawai, an rubuta an wuce. Amsa ita ce, abin da ke cikin tulu shi ke tsatsafowa. Lokacin da agogo ke gudu, babu littafi, babu malami, abin da ya zauna a zuciyar yaro shi ke fitowa a bakin biro. Wanda ya saba a tunaninsa cewa zargi da hukunci abu ɗaya ne, ranar da aka yi ihu a kasuwa ba zai tsaya tambaya ba. Kuma daga cikin waɗannan ɗalibai ne gobe za a samu 'yan sanda, alƙalai, masu unguwanni da shugabannin 'yan sintiri.

Saboda haka kira ga ƙannen da za su zauna jarrabawa nan gaba: ku fara gwaji tun yanzu. Kowane mako ɗalibi ya ɗauki abu ɗaya da ya faru a unguwarsu ko a gonarsu, ya sauya sunaye don kare mutuncin mutane, ya rubuta shi da Turanci, sannan ya tambayi kansa: ina hujjar da na bayar? Malaman Turanci kuma su taimaka, idan yaro ya kawo labarin da aka kashe wanda ake zargi, kada a tsaya kan gyaran nahawu kawai, a tambaye shi da me aka tabbatar. Su kuwa waɗanda suka riga suka gama, takarda ta tafi, ba ta dawowa. Amma jarrabawar da ta fi ta WAEC wuya tana nan tafe, ranar da za a nuna musu wani bawan Allah a ce ga ɓarawo nan. Allah Ya sa a ranar su zama masu cewa a tsaya a bincika.

Wassalam.