Java 8 ko Java 21? Ba lamba mafi girma ce ke gyara kwamfutar shago ba

Duk matashin da ya fara sana'ar filashin ɗin waya ko buga takardu a Sabuwa ya san wannan tashin hankalin: an sayi laftof na hannu daga Funtua ko Zariya, an ɗora manhajar aiki, an danna ta, sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa sai an sa .NET Framework, ko Java, ko wani fayil da sunansa ya fara da MSVCR. Kwastoma na tsaye da Tecno ɗinsa a hannu, data kuma na ƙonewa.

Abin da kwamfutar ke nema shi ne injin da manhaja ke hawa kafin ta motsa. Wayar Android ma tana da nata, sai dai Google ya ɓoye shi: tun Android 5.0 a 2014 ART ya maye gurbin Dalvik, kuma babu wanda aka tambaya ya zaɓa. A Windows kuwa mai kwamfuta ne da zaɓin, kuma nan ake tafka kuskure, domin tarbiyyar Play Store ta koya wa mutane cewa sabo shi ne daidai. A kwamfuta ba haka abin yake ba. Manhajar da za a yi aiki da ita ce ke yanke hukunci, ba lambar da ta fi girma ba.

A ɗauki .NET, wanda kayan aikin masu gyaran waya da yawa ke buƙata. Suna ɗaya ne amma gida biyu. Akwai tsohon .NET Framework da ya kai 4.8 a 2019, akwai kuma sabon .NET, irin su 6 da 8, wanda aka sake ginawa daga tushe. Wanda manhajarsa ta nemi 3.5 ya je ya sauke .NET 8 don ya ga takwas ta fi uku, ya yi asarar datarsa kawai. Ko 4.8 ba ta tsaya wa 3.5, zama suke kafaɗa da kafaɗa. Abin takaicin shi ne 3.5 tana cikin jerin abubuwan da ake kunnawa a Windows 10, amma idan aka kunna ta sai ta nemi intanet, in dai ba a nuna mata filas ɗin da aka ɗora Windows da shi ba.

Sai kuma dogon layin nan na Microsoft Visual C++ da ake gani a wurin cire manhajoji: 2008, 2010, 2012, 2013, 2015 zuwa 2022, kowanne x86 da x64. Masu son "share shara" kan goge tsofaffin su bar na ƙarshe. Ba shara ba ne. Manhajar da aka gina da na 2010 na 2010 take nema, kuma in manhajar 32-bit ce, x86 take so ko da Windows ɗin 64-bit ne. Wurin da suke ci bai kai bidiyon biki ɗaya ba. A bar su.

Java ce ta fi rikitarwa, kuma a nan ne ya kamata a yi zaɓi da ido buɗe. Java 8 ta fito a Maris 2014, kuma tsofaffin manhajojin ofis da yawa a kanta suka tsaya. Daga baya aka koma fitar da sabuwar siga duk wata shida, amma 'yan kaɗan ne ake yi wa gyara na tsawon shekaru: 11 ta 2018, 17 ta 2021, 21 ta 2023, sai 25 ta 2025. Ragowar, irin su 19 ko 22, wata shida ne ransu. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja ba shi da dalilin fara wa da 8. Ya ɗauki 21. Mai shagon da manhajarsa ta ce 8, ya sa 8, amma ya nemi wadda ake sabuntawa. Tun 2019 Oracle ya canza sharuɗɗan lasisinsa ga masu amfani da Java 8 a harkar kasuwanci, don haka Temurin na gidauniyar Eclipse, wanda kyauta ne kuma daga tushen OpenJDK yake, ya fi kwanciyar hankali. Ana iya ajiye 8 da 21 a kwamfuta ɗaya, kowace manhaja a nuna mata tata.

Za a ce ai wannan wa'azin riƙe tsohon kaya ne, kuma tsohon kaya ƙofar ɓarayi ce. Akwai gaskiya a ciki. Microsoft ya daina gyara Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a 14 ga Oktoban 2025. Python 2 ta mutu a farkon 2020, Python 3.9 ma ba ta hawa Windows 7. WannaCry ta Mayun 2017, wadda ta tsayar da asibitoci a Ingila, ta bi ta kwamfutocin da ba a sabunta ba ne. Amma bambancin da ya dace a duba shi ne tsakanin sigar da ake gyarawa da wadda aka yashe. Java 8 tsohuwa ce amma tana samun gyara; .NET 6 ya fi ta ƙuruciya nesa ba kusa ba, amma an rufe shi tun Nuwamban 2024. Haɗari mafi kusa ga mai shago ma shi ne shafukan da ke raba fayilolin DLL ɗaya-ɗaya, da tarkacen manhajojin da aka fasa da ke yawo a gurup-gurup na Telegram. Kwamfutar da ake ajiye hoton NIN da takardun makarantar mutane ba ta dace da wannan caca ba.

Laifi mafi girma yana kan masu rubuta manhaja da hukumomin da ke ba su kwangila. Wanda ya gina manhaja zai iya haɗa injinta a cikinta, kamar yadda Android Studio ke zuwa da tata Java. Barin wannan nauyi a kan yaron shago da ke aiki da sola ko janareta rowa ce da kasala.

Mutanen Sabuwa kuma suna da dalilin da ɗan Kano ba shi da shi. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Wanda ya dogara da ƙaramin fayil ɗin da sai ya hau intanet kafin ya kammala girkawa, a irin wannan lokaci aikinsa ya tsaya. Cikakkun fayilolin .NET Framework 4.8, da jerin Visual C++, da Temurin 8 da 21, duka ba su cika gigabait ɗaya ba. A sauke su sau ɗaya daga shafukan Microsoft da Adoptium ranar da sabis ya yi kyau, a zuba a filas biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida.