Daga Madafa: Farin Magi, Daga Ina Kake?

Yau hirar tamu a kan farin magi ce, wanda wasunmu ke zubawa a miya a ɓoye don kada maigida ya gani.

Asalinsa daga Japan ne. A shekarar 1908 wani malamin jami'a a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke sa romon wata ciyawar teku daɗi, a 1909 kuma aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Yanzu daga rake, rogo ko masara ake yin sa, ta hanyar tsima su da wasu ƙwayoyin halitta, kusan yadda kalwa ke tsima ta zama daddawa. Hasali ma sinadarin nan ne ke ba daddawa da tumatir ɗanɗanonsu. Ƙasar Sin ce ta fi kowa sarrafa shi da cin sa, manyan kamfanoninta irin su Fufeng da Meihua suna tura shi buhu-buhu zuwa ƙasashen duniya, har da namu. Kuma idan kin ce ke kin daina amfani da shi, to ki duba bayan kwalin dunƙulen da kike sakawa, ko ledar taliyar yara. Yawancinsu yana ciki.

Na san maganganun da ake yi a gidan biki, wai yana tsinka hanji, wai yana rage wa maza ƙarfi. Ko a Amurka an yi irin wannan tsoron tun daga 1968, amma binciken da aka yi ta yi bai tabbatar da cutarwa ba ga mai cin sa daidai misali, kuma hukumar kula da abinci ta can tana lissafa shi cikin abubuwan da ba su da hatsari.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Kayan da ya ratso tekuna ya wuce ta hannu goma, wa zai faɗa miki yadda aka yi shi? A Indonesiya, a farkon 2001, sai da aka kwashe Ajinomoto daga kasuwa, bayan majalisar malaman ƙasar ta gano an yi amfani da wani sinadari mai alaƙa da alade wajen renon ƙwayoyin da ke tsima shi. Kamfanin ya nemi afuwa, ya sauya hanya, ya sake samun shaidar halal. An iya gano hakan ne saboda akwai suna a jikin ledar. To wanda ake auno miki daga buɗaɗɗen buhu a ƙulla a farar leda fa? Ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Arharsa ba ta kai kasadar ba, ki sayi na cikin rufaffiyar leda ko da ƙarami ne.

Sai maganar hawan jini. Sodiyam ɗin da ke cikin farin magi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke cikin gishiri ba, amma mu fa ba ma musanya ɗaya da ɗaya, tarawa muke yi: gishiri, dunƙule huɗu, farin magi, ga kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali. In za ki sa farin magi a miyar kukar daren yau, ki rage gishirin tun kafin ki ɗanɗana, musamman in akwai tsohuwa a gidan.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.