Ku Janyo Yaran Nan Kafin Daji Ya Janye Su

'Yan'uwa mutanen Wagini, mutanen Ruma da Batsari, mutanen Runka da Safana, ku ba ni kunnuwanku.

Ku fita da hantsi ku dubi bakin tasha da teburin mai shayi. Ku dubi samarin da ke zaune. Wancan a gona aka harbe ubansa. Wancan shanun huɗarsu aka sayar aka biya kuɗin fansa. Wancan yana aji uku ya bar makaranta, har yau bai koma ba. Mun san su, mun san iyayensu. Amma sai mu wuce, mu ce yaran yanzu ba sa jin magana.

Wa ya ba su abin yi suka ƙi?

A gabansu aka kwashi gawarwakin mutanen 'Yar Gamji a 2019. A gabansu aka afka wa Tsauwa da Dankar a 2020. A ƙarshen shekarar aka sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300, iyaye suka tsorata da makarantar kwana. A 2021 aka katse layin waya, aka taƙaita kasuwanni da hawan babur. Don tsaro aka yi, mun sani. Amma mai cajin waya da ɗan acaɓa da ɗan dako, a ranar suka rasa abinci.

'Yan hanyoyin da gwamnati ta buɗe ma sun toshe. N-Power da aka fara a 2016, mai biyan naira 30,000 a wata, wadda ta tura matasa koyarwa a firamare, an dakatar da ita a Oktoban 2023. A Janairun 2024 aka tsayar da sauran shirye-shiryen tallafi, har da ciyar da ɗalibai. A 2025 Amurka ta janye kaso mai yawa na agajinta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu a asibitocinta na jihar Katsina saboda tamowa cikin wata shida na farkon shekarar.

To wa ya rage? Mu. Mu ne muka rage.

Kuma ga dajin Rugu a bayan gidanmu. Shi bai dakatar da ɗaukar ma'aikata ba. Ba ya neman takarda, ba ya neman ɗan majalisa ya sa hannu. Yaron da ya kwana da yunwa, a miƙa masa dubu biyar ya kai wa 'yan bindiga fetur ko biredi, ko ya faɗi wanda ya sayar da sa a kasuwa. Daga nan ake fara zama infoma. Muna kwana muna tsine wa infoma, kuma ya cancanta. Amma ku tuna, kafin ya zama haka, ya daɗe yana zaune a ƙofar shagon wani ba wanda ya ce masa zo riƙe mini wannan.

Malam tela, ɗauki yaro ɗaya. Mai walda, ɗauki ɗaya. Mai faci, kafinta, magini, mahauci, mai gyaran waya, kowa ya ɗauki ɗaya. Kada ka ce sai ɗan ɗan'uwanka. Ɗauki marayan nan da ba shi da mai kawo shi. Ba shi na abincin rana. In ya yi fashi, bi shi gida ka ji dalili. In ka ji warin sholisho a jikinsa, kada ka kore shi a ranar. Kira shi gefe, ka yi masa faɗa irin na uba. Korar ce daji yake jira.

Iyayenmu mata, ku ne da babban aiki. Yarinyar da aka sako daga hannun 'yan bindiga, me ta yi mana? An ɗauke ta da ƙarfi, ta dawo da rai, sai ta tarar da wani ɗaurin a gida. A bakin rijiya a yi shiru in ta iso. A gidan biki a nuna ta da baki. Manemi ya janye. In ta dawo da goyo, har abin goyon a raɗa masa suna. Haba jama'a! Ku daina. Ku shiga ɗakinta ku zauna. Ku ci abinci kwano ɗaya da ita. Ku sa ta a adashi, ku koya mata ƙuli da man gyaɗa da ɗinki. Ku raka ta asibiti. Ku maida ta Islamiyya, ku zaunar da ita a sahun gaba.

Akwai kuma maganar da ba a so a ji, amma sai an faɗa. Yaron Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda shi ma an kore shanun ubansa, in ya shigo gari a zage shi, in ya koma daji a tilasta shi. Ina zai sa kansa? Ku bar shi ya ci kasuwa. Ku bar ƙanensa ya zauna a aji da 'ya'yanmu. Ana maganar sulhu da 'yan bindiga a yankinmu, to a nan ne za a gane ko ya kama ƙasa.

Liman, ka ware Juma'a ɗaya ka yi huɗuba kan marayun unguwarka. Mai unguwa, ɗauki littafi da biro ka bi gida gida. Rubuta wanda ya bar makaranta, da wanda ba shi da sana'a, da gidan da mace ke riƙe da shi ita kaɗai. Ka kai wa dagaci, a kai wa hakimi. A yi kwafi, a tafi da shi sakatariyar Batsari da ta Safana, a tambayi kansila da ciyaman: ga sunaye, ina malamai, ina wurin koyon sana'a? A nemi rana. In ranar ta zo, a koma.

Manomi, in ka fitar da zakka, fara da gidajen da ke cikin littafin nan. 'Yan ci-ranin Legas da Abuja da Kano, ku haɗa kuɗin keken ɗinki ɗaya, ku aiko. Samarin majalisa, ku sayi ƙwallo, ku kira har wanda kuke gudu.

Yau bayan La'asar, je gidan yaron da ya faɗo maka a rai tun kana karanta wannan. Yi sallama da uwarsa. Ce mata gobe da ƙarfe takwas ya same ka a shago.