Ƴar Bora: Aikau ce ko Karɓau?

A Amurka marubuta suna sabunta tsofaffin tatsuniyoyi domin matasa. Cendrillon ta Charles Perrault, wadda ta fito a 1697, auren ɗan sarki ne ya fitar da ita daga toka. A littafin Cinder na Marissa Meyer kuwa, na 2012, makanikiya ce mai cin guminta.

Mu ma muna da tamu, wato ƴar bora. Ɗalibin nahawu ya ɗauki tatsuniyarta ya ƙirga aikatau: an aike ta, an zage ta, an ba ta, an aurar da ita. Galibi karɓau ce. Ladan haƙurinta miji, abokiyar gabarta kuma mace, mowa ko ɗiyarta.

Duk mai son sabunta ta, ya mayar da ita aikau: ta tambaya, ta ƙi, ta zaɓa. Wannan hali ba baƙo ba ne gare mu. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Abdoulaye Mamani kuma ya rubuta labarinta a 1980, amma da Faransanci. Yarinyar koleji a Tawa ko Damagaram ta cancanci samun jarumarta da Hausa, kuma rubutun yana wuyanmu.